Cirani ko Zaman Gida: Nazarin Rayuwar Dainoso a Hunturun Alaska Cikin Fim Ɗin Zane Mai Motsi

Tsakure

Maƙalar ta auna fim ɗin March of the Dinosaurs na 2011 da ƙasusuwan da aka tono a arewacin Alaska, ta kuma nuna cewa ciranin da fim ɗin ya ɗora wa dainoso ya fi dacewa da tsarin labari fiye da hujjar kimiyya.

1.0 Gabatarwa

Kimanin shekara miliyan 70 da suka shuɗe, gaɓar kogin Kolbil da ke arewacin Alaska ta fi yanzu kusa da ƙuryar arewacin duniya, inda rana kan ɓace kusan wata huɗu. An fara tsintar ƙasusuwan dainoso a can a 1961, kuma masana sun daɗe suna muhawara: shin dabbobin kan gudu kudu ne idan hunturu ya kama, ko kuwa daurewa suke yi? Fim ɗin ya raba gardamar gida biyu. Ya sa garken Edmontosaurus masu cin ganye tafiya mai nisa, ya bar Troodon mai cin nama cikin duhu.

2.0 Hujjar Ƙasusuwa

Hujja ba ta goyi bayan tafiyar garken ba. A 2021, Patrick Druckenmiller da Gregory Erickson da abokan aikinsu sun bayyana haƙora da ƙasusuwan jariran dainoso iri-iri daga wannan yanki, abin da ya tabbatar da cewa a can ake ƙyanƙyashe su. Binciken Erickson na 2017 kuwa ya nuna ƙwan wasu dainoso kan yi wata uku zuwa shida kafin ya ƙyanƙyashe. Ke nan ƙwan da aka nasa bayan hunturu na iya kaiwa har duhu ya sake gabatowa kafin ya ƙyanƙyashe, kuma jariri ɗan makonni ba shi da ƙafar tafiyar dubban kilomita. Haka nan ba a samu kada ko kunkuru a wurin ba, alamar cewa masu iya ɗumama jikinsu ne suka jure.

Mai ja zai ce fim ɗin ya girmi binciken 2021 da shekara goma. Haka ne, sai dai tun 2001 Anthony Fiorillo da Roland Gangloff suka nuna cewa ƙananan Edmontosaurus ba su kai girman bin garke ba. Wani kuma zai ce ƙila manya sun tafi sun bar ƙanana. Ƙashi ba ya ƙaryata hakan gaba ɗaya, amma fim ɗin ɗan ƙaramin dainoso ya sa a gaba, wato wanda ya fi kowa rashin ƙarfin tafiyar.

3.0 Kammalawa

Tafiya na ba mai fim haɗari da fata da masauƙi, shi ya sa ya zaɓe ta. Ya kamata malamin da zai nuna wa ɗalibai fim ɗin ya gaya musu cewa ƙasusuwan Alaska zaman gida suka nuna.