Inda Aka Wanke Famfon Feshi

A bayan rumbun kakana, a wani ƙauye da ke kusa da Funtuwa, akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Nan yake dama maganin auduga. Ina yaro nakan tsuguna ina kallo: ya tsiyaya daga gwangwani zuwa murfi, ya juye a bokiti, ruwan ya koma fari fat kamar nono, ya motsa da kara, in kara ya yi nisa ya sa hannu. Da la'asar in ya dawo daga gona, nan yake ɗauraye famfon ya sheƙar da ruwan, kaji su biyo suna tono. Yau jikokinsa sun shuka yakuwa da kuɓewa a wurin. Ni dai ba na shan miyar.

Waɗannan magunguna da maraba aka karɓe su. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, shi ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi lambar Nobel a 1948. Sauro ne ya fara kawo mana su. A 1954 aka soma feshin ɗakuna a yankin Birnin Kebbi da DDT da dieldrin da BHC, amma ba a rufa shekara biyu ba aka tarar sauron garin Ambursa da ke yankin ya daina jin dieldrin. Sai ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore. Daga tsakiyar shekarun 1950 ayarin 'yan feshi suka riƙa shiga kurmi da rani, famfo a baya, suna bin gindin itatuwan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya. Sun buɗe wa makiyaya da manoma ƙasa mai yawa a Arewa, wannan ba a musu. Daga baya malaman gona suka kai wa manoman auduga. Shi kuwa Gammalin 20, wanda manoman koko na Gana da ƙasar Yarbawa suka saba da shi, da ya iso mana sai ya zama maganin kowace cuta: a zuba wa wake a buhu, a shafa wa kan yaro mai ƙwarƙwata, marasa tsoron Allah su zuba a tafki su kwashi kifi.

Halinsu ɗaya: ba sa narkewa a ruwa, ba sa saurin ruɓewa, suna son maiƙo. Fiya-fiya ya fi su saurin kisa, amma kwana kaɗan ya watse. Su ko sai su yi shekaru. DDT ma in ya tashi lalacewa rikiɗa yake ya zama DDE, wanda ya fi shi taurin kai, kuma ta gwada yawan wannan da wancan masana ke gane ko feshin tsoho ne ko na jiya.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne ba a shimfiɗe suke a ƙasa bai ɗaya ba. Jikin taki da ruɓaɓɓen ganye suke maƙalewa. Jigawa mai rairayi ba ta da abin riƙe su sosai, rana ta gasa ta, su tashi su bi iska. Baƙar ƙasar fadama kuwa, mai laka da taki, wadda kowa ke rububi, ita ke rungume su. Akasarinsu a sama suke, iyakar inda garma ke kaiwa. In ruwan damina ya zaizaye kunya, sai ya ɗauke su tare da ƙasar ya sauke a kwari da kududdufi da gindin dam. Gonaki biyu iyaka ɗaya, sai a samu a ta gangare, ta tudu kusan babu. Amma duk gona ba ta kai inda aka dama aka wanke ba, ko tsohon sito da gwangwani ya yi tsatsa ya yoye.

Wanda ya bi iska ma ba ɓacewa ya yi ba. Yakan sauka inda ya sami sanyi, zafi ya sake tayar da shi, da haka har ya kai ƙarshen arewacin duniya. An same shi a nonon matan Inuwit na Kanada, mutanen da ko ganyen auduga ba su taɓa gani ba. Tamu hanyar ta fi kusa: kaza ta yi tono ta sa a ƙwai, saniya ta yi kiwo ta sa a man shanu.

Amurka ta hana feshin DDT a gona tun 1972. Duniya ba ta haɗu a kai ba sai 2001, da aka sa hannu a yarjejeniyar Stockholm kan guba goma sha biyu; aka ƙara lindane, wato Gammalin, a 2009, da wani maganin, endosulfan, a 2011. Takarda ta hana sayar wa manoma, amma babu jami'in da ya san bayan rumbun kakana.

Tsofaffi ne suka sani, kuma suna ƙarewa. In da sauran dattijo a gidanku wanda ya yi noman auduga, ko ya yi aikin feshin tsando, ku tambaye shi inda ake dama magani da inda aka binne gwangwanaye. Ku kewaye wurin, ku shuka dogonyaro, ku mai da lambu da akurkin kaji wani gefen.