Daga Gidan Yari Zuwa Gidan Gyaran Hali: Neman Fursuna a Arewacin Zamfara

Tun kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa suna da wurin tsare masu laifi, kuma bawan sarki mai riƙe da shi ana kiransa Yari. Daga sarautarsa ne aka sami sunan gidan yari. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi ta kwarmata munin kurkukun Kano don ya halatta yaƙinsa, amma bai rushe tsarin ba. Barinsa ya yi a hannun sarakuna ƙarƙashin En'e. Ta haka aka wayi gari da gidajen kurkuku iri biyu: na Gwamnati, waɗanda dokar 1916 ta tsara, da na En'e, waɗanda su ne suka fi yawa a Arewa, Baitulmali ke ciyar da fursunoninsu.

Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi duk a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato suke a wancan zamani. Idan 'yan doka suka kama mutumin Ɗan Isa, danginsa ba takarda suke nema ba, mutane suke bi. Mai unguwa ya san wanda aka tafi da shi, dagaci ya san dalili, hakimi ya san alƙalin da aka kai wa. Mai ƙaramin laifi a kan tsare shi a gunduma, wanda aka yanke wa ɗauri mai tsawo kuwa sai Sakkwato. Tafiya ce mai wahala, domin jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 Zariya ya dosa, ba Sakkwato ba. Duk da haka da wuya fursuna ya ɓace wa danginsa.

Sai dai wannan sauƙi yana tattare da babban aibi. Ɗan doka da alƙali da Yari duk bakin mutum ɗaya suke ji, don haka wanda ya saɓa wa sarauta ba shi da wurin kai kuka. 'Yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana wannan a shekarun 1950. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwamitin Alhaji Yusufu Gobir na 1966 ya ba da shawarar a haɗe gidajen kurkuku a hannun Gwamnatin Tarayya. An yi haka ran 1 ga Afrilu 1968, aka kuma ƙarfafa shi da dokar soja mai lamba 9 ta 1972.

Gyaran ya raba ikon da ya taru a wuri guda, amma ya raba labarin fursuna da shi. 'Yan sanda na Tarayya ne, gandirobobi na Tarayya ne, kotun da ke tura mutum wurinsu kuwa galibi ta jiha ce. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, babban gidan yari ya zama na Gusau. Da aka fara aiki da Shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, kotunan Shari'a na jiha suka ci gaba da aika fursunoni gidan da ba jiha ke riƙe da shi ba. Mai neman ɗan'uwansa sai ya fara daga ofishin 'yan sandan da aka yi kamun, ya gano kotun da aka gabatar da shi, domin ba a karɓar kowa a kurkuku sai da takardar tsarewa mai sa hannun alƙali. Sunan da ke jikin takardar nan shi ne ke cikin rajistar gidan, kuma sau da yawa ba shi ne sunan da aka san mutum da shi a ƙauye ba.

Wanda aka yanke wa hukunci yana da lamba da ranar fita. Mai jiran shari'a shi ne mai saurin ɓacewa, ga shi kuwa irinsa sun kai wajen kashi biyu cikin uku na fursunonin Nijeriya. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, sa'an nan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi izinin kafa gidajen yari nasu, shekara hamsin da biyar bayan an karɓe na En'e.