Rashin Jure Madara

Rashin jure madara matsala ce da ke tasowa idan ƙaramin hanji ya gaza samar da isasshen laktes, sinadarin da ke narkar da laktos, sukarin cikin madara. Laktes kan ragu bayan yaye. Mai matsalar kan ji kumburin ciki, ƙugi, murɗa ko zawo, minti 30 zuwa awa 2 bayan sha.

A Kanya da sauran ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, da yawa kan sha fura da nono ko kindirmo lafiya lau, domin tsami na rage laktos. Ɗanyar madara da madarar gari su ke tayar da ciki. Fulani makiyaya sun fi manoma jure madara, kuma wannan juriyar gado ce.