Shirun River Rouge: Martani ga Leo Marx kan zanen Sheeler

A littafinsa The Machine in the Garden (1964), Leo Marx ya ɗauki zanen Charles Sheeler mai suna American Landscape (1930) a matsayin masana'antar da aka yi wa ado da natsuwar makiyaya: ruwa a kwance, hayaƙi yana narkewa cikin gajimare. Fassarar ta samu karɓuwa, amma ina ganin ta kauce hanya.

Abin da aka zana masana'antar motocin Ford ce ta River Rouge a Dearborn, wadda Sheeler ya ɗauki hotunanta a 1927 domin aikin tallar kamfanin. Marx da kansa ya yarda babu bishiya ko ciyawa a zanen. To ina makiyayar? Ruwan nan mashigi ne da aka haƙa don jiragen dakon tama da kwal, gajimaren kuma ba a iya raba shi da hayaƙin bututu. Duk abin da ƙasa ta bayar an riga an sa shi aiki.

Mai bin Marx zai ce natsuwar yake nufi, ba ciyawa ba. Na ji. Sai dai a tambaya: daga ina natsuwar ta fito? A lokacin, dubun-dubatar leburori ne ke shiga wannan wuri kullum, amma mutum ɗaya tak ake gani, ɗan mitsitsi a bakin layin dogo. A wani zanen Sheeler na masana'antar, Classic Landscape (1931), ko shi ma babu. Mai yiwuwa shirun da Marx ya ji na wurin da aka kwashe ma'aikata ne.

A nan dole in taƙaita da'awata. Zane ba ya tabbatar da niyyar mai zane, kuma kuɗin Ford kaɗai ba zai zama dalili ba: Edsel Ford ne ya biya mai zane Diego Rivera, wanda ya cika bangon gidan zane na Detroit da ma'aikatan Rouge ɗin a 1932 zuwa 1933. Abin da hujja ta ba ni shi ne, cire lebura zaɓi ne, ba tilas ba.

Ranar 7 ga Maris 1932 aka harbe masu zanga-zangar neman aiki huɗu a ƙofar masana'antar. Fassarar da ta kira wannan wuri makiyaya tana bukatar gyara.