Algaita da Hunturu

Algaita ba asalin ƙasar Hausa ba ce. Sunanta ma ya nuna haka, gama mutanen Maroko suna da abin busa irinta, suna ce da shi gaita. Turkawa suna da zurna, Misirawa kuma suna da mizmar, dukansu kuwa dangi ɗaya ne. Alhazan da suka bi hanyar Sawakin a dā, suka ƙetare Bahar Maliya, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, su ma sun iske wannan suna na mizmar, amma a can wasan ganguna da sanduna ake kira haka. Iskar Jidda kuwa tana da laima ko da lokacin sanyi, don tana bakin teku. Ba haka abin yake a Kano da Katsina ba.

Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki. To, kakaki ƙarfe ne, babu ruwansa da hunturu. Algaita ita ce mai wahala, don jikinta itace ne, an rarake shi, an huda ramukan yatsu, sa'an nan an rufe shi da fata. A samansa akwai siririn bututun ƙarfe, da faifai inda leɓe yake tokarewa, da ɗan kara wanda shi ke ba da murya.

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga hamada, ta busar da kome, har leɓen mutum ya tsage. Itace kuwa in ya bushe sai ya tsuke. Mai algaita ba ya tsayawa shan iska, yana ja ta hanci, kumatunsa a kumbure suna turawa, saboda haka numfashi mai ɗumi da laima ba ya yankewa a cikin algaitar. Ciki yana jiƙa yana kumbura, waje yana bushewa yana tsukewa. Nan ne itace ke tsagewa. In kuwa ya tsage, iska ta sami wata hanya, murya ta lalace.

Wanda bai sani ba sai ya ce fatar nan ado ce kurum. Ado ce, amma aikinta ya fi haka: tana ɗaure itacen, tana toshe ƙananan tsaga, tana kuma hana shi bushewa da sauri. Sauran kiyayewa yana hannun mai busa. Ba a ajiye ta kusa da wuta, ko da kowa yana jin ɗumi. Ba a barinta a rana. Karan kuma sai an jiƙa shi kafin ya yi magana. Masu busa obo a Ingila da Amurka sun san wannan wahala, sai dai nasu hunturun a cikin ɗaki yake, inda abin ɗumama ɗaki ke busar da iska. Su kan ɗumama obo a hammata kafin su busa.

Amma mai algaitan sarki ba shi da ikon cewa a jira damina. Daren Juma'a akwai sara a ƙofar fada. Salla kuma tana bin wata, kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, har ta faɗo tsakiyar sanyi, kamar yadda Ƙaramar Salla ta zo a watan Janairu na 1966. Haka kuma babban hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna, a watan Fabrairu na 1956 aka yi shi, sarakuna suka zo daga nesa da dawakinsu da makaɗansu da mabusansu. A irin wannan rana algaita ita ke faɗin kirarin sarki, masu sauraro kuwa sun san kalmomin da take nufi. In ta shaƙe a tsakiyar kirari, duk wanda ke filin ya ji.