Babi Biyar da Hanyar Tsamiya

Lokacin da na bar Ka'oje na nufi Sakkwato karatu, jihar Kebbi ba ta ma zo duniya ba, sai a 1991 aka yanke ta. Jami'ar da aka kafa a 1975, ta fara karatu a 1977, tana amsa sunan Jami'ar Sakkwato ne kafin a raɗa mata na Usmanu Danfodiyo a 1988.

A wancan zamani koyon rubutun bincike bai yi nisa da karatun zaure ba. Ka kai wa malami babinka, ya zaunar da kai, ya bi shi layi-layi da jan biro, yana tambaya: wa ya faɗi wannan, a wane shafi, kai kuma me ka ce? Duk littafin da ka karanta sai ka yi masa kati, ka rubuta sunan marubuci da shekara da abin da ka tsinta. Mai tafireta yana cajin kowane shafi, don haka ba ka kai masa jimlar da ba ka auna ba. Talauci ma malami ne na taƙaita zance.

Daga baya abin ya shiga tsari. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, aka sabunta shi a 2007, aka sake a 2022, kuma darussan gama-gari na Ingilishi da amfani da laburare suka zama dole ga kowane ɗan aji ɗaya. Mu a fannin Hausa aikinmu ya ninka, domin sai da aka ƙera kalmomin kansu: tsakure, bitar ayyukan da suka gabata, hujjar ci gaba da bincike, manazarta, rataye. An sha musu a kan wasunsu kafin su zauna. Littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, Dabarun Bincike, yana cikin waɗanda suka sauƙaƙa wa ɗalibai wannan hanya da harshensu.

Sai jami'o'i suka matso gida: Aliero a 2006, ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Yaron Illo ko Lolo ko Zagga ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Alheri ne, ban musa ba. Amma malamin da a da yake duba kundi uku ya wayi gari da tuli a kan teburi, jan biron nan kuma ya bushe. Abin da ya rage shi ne ƙwarangwal: babi biyar, kowane da kanunsa. Ɗalibi ya haddace gidan, bai san wa zai zaunar a ciki ba. Babi na biyu ya koma jerin gwano, wane ya ce, wance ta ce, ba a taɓa haɗa su faɗa ba. Shagunan kwamfuta suka gane kasuwa, suna sauya sunan gari a tsohon kundi su sayar. Aka kawo Turnitin don kama satar fasaha, yara suka koyi juya kalmomi. Yanzu kuma waya ce ke rubutawa.

Iyakarmu ce ta nuna mini inda gizo ke saƙar. Bayan an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, wani ɗalibina ɗan yankin Bagudo ya ɗauki batun karin harshen 'yan kasuwa tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin. Ya buga takardun tambayoyi kamar yadda aka koya masa, ya tafi. Wa zai cike takarda a bakin iyaka ana farautar masu fasa-ƙwaurin shinkafa? Suka ɗauke shi ɗan leƙen asirin kwastan. Ya dawo da takardun duk a cike, da rubutun hannu iri ɗaya.

Ban kore shi ba, domin rabin laifin nawa ne. Na ba shi awon da ba na ƙasarsa ba. Wannan iyaka yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta shata ta, ta raba ƙasar Borgu biyu, ta kuma raba takardunta: namu a ma'adanar tarihi ta Kaduna, nasu a Porto-Novo, da Faransanci. Ɗaliban jami'ar Parakou suna rubutu a kan mutanen nan guda, mu ba mu karanta su. Yaron kuwa yana jin Dendi da Fulatanci, ya san kalmomin da ake sakaya farashi da su, amma bai taɓa zaton wannan hujja ce ba tunda ba a littafi ya gani ba.

Na ce, "Ɗana, ajiye takardun nan. Wa kake shan shayi da shi a Tsamiya?"

Ya lissafa mutum shida. Na ce ya koma ya zauna da su, ya nemi izininsu, ya rubuta rana da wuri da harshen da aka yi hirar. Sannan na ba shi maƙala guda ɗaya tak, na ce kada ya dawo sai ya samo inda marubucin ya yi kuskure game da garinsu. Bayan mako biyu ya shigo ofis, maƙalar ta sha jan biro har gefenta.