Dariya Tsakanin Ɗakin Bincike da Majalisa: Nazari Daga Ƙasar Roni

Gabatarwa

Bahaushe bai rasa sunayen dariya ba. Akwai murmushi, akwai yaƙe, akwai ƙyaƙyatawa, akwai tuntsurewa har da riƙe ciki, akwai kuma dariyar ƙeta. Yawan sunayen nan shaida ne cewa tun da daɗewa ya san dariya suna ta tara. Masana kimiyya kuwa sun haura shekara 40 suna auna abin da take yi wa jiki da zaman jama'a. Wannan nazari zai tace abin da suka tabbatar daga abin da ake zuzutawa, sannan ya gwada shi da rayuwar mutanen Roni da maƙwabtanta na Kazaure da Gwiwa da Ɓaɓura.

Abin da aka gani a jiki

Wanda ya fara jawo hankalin likitoci ɗan jarida ne Ba'amurke, Norman Cousins. A 1964 ciwon gaɓoɓin ƙashin baya ya kwantar da shi. A littafin da ya fitar a 1979 ya ba da labarin cewa minti 10 na dariya sosai, yana kallon finafinan barkwanci, kan ba shi barcin awa 2 babu raɗaɗi. Sai dai labarin mutum ɗaya ne, kuma a lokacin yana shan bitamin C mai yawa, don haka ba a iya cewa ga abin da ya tashe shi.

Daga nan aka shiga awo. A 1989 Lee Berk na Jami'ar Loma Linda ya ɗebi jinin maza 10, ya ga sinadarin kotisol, wanda ke hauhawa idan mutum na cikin damuwa, ya sauka a jikin waɗanda suka kalli barkwanci. Michael Miller na Jami'ar Maryland ya auna jijiyar dantsen mutum 20, ya sanar a 2005 cewa gudun jini ya ƙaru da kimanin kashi 22 cikin 100 bayan fim na ban dariya, ya ragu da kimanin kashi 35 bayan fim mai tayar da hankali. A jihar Yamagata ta Japan an bi mutum 17,152 masu shekara 40 zuwa sama, aka wallafa a 2020 cewa mutuwa ta kusa ninkawa a cikin waɗanda kan yi wata ba su yi dariya ba, idan aka gwada su da masu yin ta kowane mako.

Wajibi ne a karanta alƙaluman nan da natsuwa. Mutum 10 ko 20 ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Binciken Japan kuma bai raba gardamar wanne ya riga wani ba, domin mai jinya da wanda ba shi da kowa dama can ba su cika dariya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Rod Martin na Kanada ya tattara irin waɗannan bincike a 2001, ya ce hujjar cewa dariya na warkar da cuta ba ta da ƙarfi sosai.

Dariya aikin taro ce

Inda hujja ta fi kauri shi ne wajen zumunci. Wani masani, Robert Provine, ya bi wuraren taruwar jama'a a Amurka yana rubuta dariya 1,200 da maganar da ta gabaci kowace. Ya gano cewa mutum ya fi yin dariya ninki 30 a cikin mutane a kan in yana shi kaɗai, kuma mai magana ya fi mai saurare dariya. Abin mamaki, maganganun da suka jawo dariyar, ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne za a kira barkwanci. Sauran hira ce ta yau da kullum.

Robin Dunbar na Jami'ar Oxford ya nemi dalili. Ya sa mutane kallon barkwanci tare, sannan ya matse musu dantse da abin awon jini, ya ga juriyarsu ga zafi ta ƙaru da kimanin kashi 10. Ya danganta hakan da endofin, maganin raɗaɗin da ƙwaƙwalwa ke haɗawa da kanta. A 2017 masana a birnin Turku na Finlan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi minti 30 suna dariya da aminansu, suka ga sinadarin yana fita. Fassarar Dunbar ita ce, birai kan ƙulla amana ta hanyar tsifar gashin juna, ɗaya bayan ɗaya, ɗan Adam kuwa sai ya sami dariya, wadda kan ɗaure mutum uku ko huɗu lokaci guda.

Yadda abin yake a Roni

Roni na cikin masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa a farkon ƙarni na 19, a ƙasar da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura. Wuri ne da manomi da makiyayi ke shan ruwa rijiya ɗaya, fatake kuma ke ratsawa. Irin wannan zama ba ya rasa saɓani, kuma al'ada ta tanadi dariya a daidai gaɓoɓin da aka fi jin tsoron tsagewa.

A duba cikin gida. Yaro ɗan shekara 6 zai shigo, kakarsa na bakin murhu ta ɗaga kai ta ce, "Ga ragon mijin nan ya dawo, ko cefanen ƙwandala babu." Shi kuma ya ce, "Ai na sake ki, tsohuwa, amarya zan yi." Gida ya ɗauki dariya. Yaron da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa saboda kunya ya sami inda zai sake, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare ta sami abokin hira. Haka taubasai, ɗan mace da ɗan namiji, da kan bi juna kuɗin shara a watan Cika-ciki ana gardamar wane ne bawan wani. Gidajen da rabon gado kan iya rabawa, wasa ya riga ya ɗinke su.

A kasuwa da tashar mota abin ya fi faɗi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya san abokin wasansa, kuma abin kunya ne a yi fushi. Maganar da za ta sa a zare sanda in wani ya faɗe ta, abokin wasa zai faɗa a tafa. Wani masani, Radcliffe-Brown, ya bayyana irin wannan dangantaka a 1940 da cewa rashin kunya ne da aka halatta don a tsare zumunci. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar Ɓaɓura, cikin jerin al'adun da duniya ke taskancewa. Tashe a watan azumi da 'yan kama a bukukuwa su ma aikin da suke yi ke nan: da wasa ake faɗa wa marowaci da malalaci gaskiya.

Inda take cutarwa

Haƙorin dariya shi ke cizo. Sinadarin da ke ɗaure 'yan majalisa ɗaya ba ya tambayar wa ake yi wa dariyar. Idan gurgu ne ko mai in'ina ko wanda ya sami taɓin hankali, lafiyar masu ƙyaƙyatawa a kan raunin wani aka gina ta. Shi ya sa wasan gargajiya ke da ƙa'ida: an san da wa ake yi, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Barkwancin da ke yawo a WhatsApp da TikTok sau da yawa ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Ga shi kuma mai kallo shi kaɗai ne da wayarsa. Ko finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, a gidan kallo da tsakar gida aka fi jin daɗinsu, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Kammalawa

Abin da bincike ya tabbatar shi ne dariya na sauƙaƙa raɗaɗi da damuwa na ɗan lokaci, tana kuma ƙarfafa amana tsakanin masu yin ta tare. Bai tabbatar da cewa tana warkar da hawan jini ko ciwon suga ba, don haka mai shan magani kada ya ajiye. Ya kamata malaman Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Bayero su shigo garuruwa irin su Roni su auna tasirin wasan taubasai da na ƙabilu, tun dattawan da suka san ƙa'idojinsa suna raye. Iyaye kuma su riƙa kai yara gidan kakanninsu, su nuna musu taubasansu.